Tambaya da Amsa: In Kai a Cire Min Filtar Cikin Kyamara Don Hoton Taurari?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake saduwa a wanga fili. Tun da munka buga hoton gajimaren Oriyon, wani gajimaren iska mai haske da ke can cikin taurari, a fitowar da ta gabata saƙonni ke ta shigowa, kuma kusan duk kan abu guda, wato jan launin nan da ke cikin hoton, daga ina ya fito, mi ya sa in mutum ya ɗauka da tashi kyamarar ba ya samun shi. Na tsamo waɗanda sunka fi ɗauke da damuwar sauran.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki da suna ne, ina zaune Runjin Sambo, kyamarata Canon 600D ce kuma ita ɗai gare ni, da ita nike ci da iyali. Kwanan baya na fara sha'awar ɗaukar taurari, in na dawo aiki da dare sai in hau saman ɗaki in gwada, taurarin suna fitowa amma jan nan babu shi ko kaɗan. Wani abokina yac ce min wai akwai wani gilashi cikin kyamarar da ake cirewa, in an cire shi komi na fitowa. Gaskiya ne? In kai a cire min?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, gilashin yana nan kuma ana cire shi, amma kafin in yi nisa bari in faɗa maka kai tsaye, kyamarar da kake ci da iyali da ita kada ka bari kowa ya kwance ta. Ga dalili.

Da farko ka yi wanga ɗan gwajin a gida, ka ɗauko rimot na talabijin ka juyo bakinshi wajen kyamarar wayarka ka danna kowane maɓalli, a wayoyi da yawa musamman kyamarar gaba za ka ga ɗan ƙwan da ke bakin rimot ɗin yana ƙyalli fari-fari da ɗan shuɗi ko ja-ja, alhali da idonka ba ka ganin komai. Hasken infared ke nan. Idon ɗan Adam yana ganin haske ne daga wajen nanomita 400 zuwa 700 (nanomita ma'aunin tsawon igiyar haske ne, tsawon nan shi ke bambanta launi da launi), shi kuwa sensa na kyamara, wato ɗan faifan da haske ke sauka kanshi ya zama hoto, da silikon anka yi shi, yana jin haske har ya wuce 1,000. In da za a bar shi haka nan tsirara to hoton amarya zai fito ja-ja, baƙar riga ta koma wata kala, ganye ya yi fari. Shi ya sa kamfani ke sa filta a gaban sensa don ya tare abin da ido ba ya gani, ya kuma rage ja a hankali tun daga wajen 600 yadda launi zai yi daidai da yadda muke ganin duniya.

To matsalar mai hoton taurari a nan take. Mafi yawan gajimaren da ke sararin samaniya, waɗanda ake ce wa nebula, iskar haidurojin ce, taurari masu zafi da ke kusa suna dukan ta da haske, ita kuma tana fitar da nata hasken a wuri guda tak, nanomita 656.3, ja ne mai duhu, shi ne ake kira H-alfa. Wanga wuri ya faɗa daidai inda filtar kamfani ta riga ta fara rufe ƙofa, kusan kashi 1 cikin 4 ko ma cikin 5 kawai ke wucewa. Aikin filtar kamar na rariya ne, kamfani ya zaɓi mai ƙananan idanu don garin hoton rana ya fita da laushi, sai ga shi abin da mai taurari ke nema yana cikin tsakin da ta riƙe.

Su kansu kamfanonin sun san da haka. Canon ta fitar da 20Da a 2005, ta fitar da 60Da a 2012, sai EOS Ra a 2019, Nikon ma ta yi D810A a 2015, duk kyamarori ne da anka sassauta wa filta tun daga masana'anta don jan haidurojin ya shiga ninki 2 da rabi zuwa 4. Ba su yi yawa a kasuwa ba kuma tsada gare su, shi ya sa mutane ke sayen ta talakawa su gyara.

Irin taka 600D ɗin filta biyu ne a gaban sensa. Na gaba ana ce mai LPF-1, shi ne mai girgiza yana kakkaɓe ƙura in ka kunna ko ka kashe kyamara, na bayanshi LPF-2, ɗan gilashi mai launin shuɗi-kore, shi ne mai cinye jan. Gyaran da ya fi yawa shi ne a cire na biyun a bar na farkon, ko a maye gurbinshi da gilashin da kamfanin Baader na Jamus ke yi don wanga aiki. Akwai kuma masu cire duka biyun su sa farin gilashi, zan zo kanshi a ƙasa.

Yanzu mi zai faru da sana'arka in an cire? Duk hoton da ka ɗauka da rana zai fito da ja-ja kamar an wanke shi da ruwan zoɓo, farar shadda ba za ta fito fara ba. Ana iya gyarawa, ka ɗauki hoton farar takarda a wurin ka ce wa kyamara wannan shi ne fari, ko ka yi ta ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, kana gyarawa a kwamfuta, akwai ma wata ƙaramar filta ta Astronomik da ake maƙalawa cikin bakin kyamara tana maido da launi yadda yake. Amma ka yi tunanin wurin kamu ko walima, kana fita daga rumfa zuwa rana zuwa falo mai farin ƙwai, kowane wuri sai ka sake saiti, ga mata na kiranka ta ko'ina, kuma fatar mutane ita ce abin da ya fi wuyar maidowa daidai, uwar amarya kuwa ba ruwanta da haidurojin, launin leshinta take son gani. Sannan ga maganar fokas. In an zare gilashi daga hanyar haske wurin da hoton ke haɗuwa yana matsowa gaba da kusan kashi 1 cikin 3 na kaurin gilashin, abu ne ƙanƙane amma ya isa ya sa fokas na otomatik ya riƙa kuskure, don a irin taka kyamarar wani sensa daban da ke ƙasan madubi ne ke auna fokas, shi bai san an taɓa komai ba. In mai gyaran bai matso da babban sensa daidai wannan gwargwado ba, za ka riƙa samun idon ango a dushe, wani lensin ma ba zai ƙara kama abu mai nisa ba sam, taurarin da anka yi aikin dominsu su ƙi fitowa tsaf.

Kuma abin da nake so ka riƙe, cire filtar abu guda kawai yake ƙara maka, jan haidurojin. Ba ya ƙara yawan taurari yadda mutane ke zato, ba ya kore hasken fitilun gari, ba ya hana taurari jan layi. Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke ce wa Surayya, gajimarenta shuɗi ne don ƙura ce ke maido da hasken taurarin, kyamararka yadda take za ta ɗauke ta lafiya lau. Wata, Zara, tarin taurarin Andromeda, duk babu wani abin kirki da za su ƙaru da shi. Shi kanshi gajimaren Oriyon, wanda ke ƙasan taurari ukun nan da ke jere a layi, yana da haske sosai, kyamarar da ba a taɓa ba tana fitar da shi da ɗan jan-jan ɗinshi in an tara hotuna da yawa. Ina kyautata zaton abin da ya hana ka ganin ja ba filta ba ce, hoto guda kake ɗauka na 'yan daƙiƙu a tsakiyar gari. Ka karanta amsar da na ba ɗalibar da ke ƙasa ka gwada wannan tukuna. In ka yi wata da watanni kana yi har ka kai inda filtar ce kawai ta rage maka, sai ka tara kuɗi ka nemi tsohuwar Canon ta hannu, 450D ko 550D ko wata 600D ɗin, lensinka duk za su hau ta, ita ce za a kwance, in ta lalace ba tukunyar gidanka ta kife ba.

TAMBAYA: Malam ni gyaran waya nike yi shekara da shekaru, ina canza sikirin, ina ɗaga aisi, hannuna bai rawa. Na sayi tsohuwar Canon 450D da arha, ina son in buɗe ta da kaina in cire filtar. Mi za ni kiyaye? Daga wani mai karatu, Mabera.

AMSA: Madalla, kai ka bi hanyar da ta dace, ka sayi wadda in ta tafi ba za ka yi kuka ba. Kuma wanda ya saba da cikin waya ya fi yawancin masu wanga aiki a duniya hannu, don da yawansu da sukundireba ɗaya da bidiyo suke farawa. Amma kyamara tana da abubuwan da waya ba ta da su.

Na farko kafasitar filasha. Tana riƙe wuta wajen bolt 300 ko da ka cire batir, kuma tana iya daɗewa da ita. Ka san inda take tun kafin ka ɗaga murfi, kada ka kusance ta da yatsa ko ƙarfe, in ta sauke a kan allon kyamarar shi ke nan, in ta sauke a jikinka ma ba wasa ba ne. Kada ka ɗaga filasha ka yi caji kafin aikin, ka cire babban batir da katin ajiya da ɗan ƙaramin batirin agogo in akwai, ka bar ta ta kwana.

Wayoyin nan masu faɗi kamar ribon ka san su, sai dai na kyamara sun fi yawa kuma maƙullansu ba iri ɗaya ba ne, wani ɗagawa ake yi wani ja, ka ɗauki hoton kowane mataki da wayarka, sukurori kuma tsayinsu ya bambanta, ka zana hoton kyamarar a kwali ka riƙa soka kowane a mazauninshi. Sukundireban ya zama ya zauna daram, sukurorin Japan kansu yana saurin cinyewa in bakin bai dace ba. Ka ɗaura abin hannun nan mai sauke wutar jiki, musamman da hunturu da iska ta bushe har mayafi na tartsatsi.

Inda aikin yake da gaske shi ne zaman sensa. Kamfani ya daidaita shi ne da awo mai tsanani yadda kusurwa huɗu za su yi nisa ɗaya da lensi, a wasu samfurin da siraran washa na ƙarfe a ƙarƙashi, a wasu da sukurori uku masu sifirin. In washa ne, kowane ya koma inda ka same shi, kada ka haɗa su wuri ɗaya. In sukurori ne ka sa alama ka ƙirga juyin kowane, in kana da abin awon zurfi ma ka auna. Karkata da ba ta kai kaurin gashi ba ta isa ta sa taurarin gefe ɗaya su fito ɗigo-ɗigo masu kyau na ɗaya gefen su fito kamar waƙafi, kuma ba za ka gane ba sai ka rufe komai ka fita da dare.

Sai babbar abokiyar gabarmu a Sakkwato, ƙura. Don Allah kada ka yi wanga aiki a shago bakin titi, kuma kada ka yi shi cikin hazo. Duk ƙwayar ƙurar da ta shiga tsakanin sensa da gilashin da ya rage ta zauna ke nan, ba a goge ta daga waje, za ta riƙa fitowa baƙin tabo a kowane hoto. Ka jira bayan an yi ruwa da damina, ka shiga ɗaki mai siminti ko tayil ka goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ka kashe fanka ka rufe taga ka ba shi lokaci ya lafa, ka rufe kanka da hula, safar hannu mara hoda, ka kifa sensa ƙasa duk lokacin da ba ka aiki a kanshi, abin hura iska na roba kawai, ban da baki. Filtar manne take da gam a jikin firam na roba, a hankali ake zagaya ta da siririyar wuƙa, tana fashewa cikin sauƙi, in ta fashe ɓarɓashin kada ya taɓa na gaban.

Shawarata ka cire LPF-2 kawai ka bar LPF-1, shi zai ci gaba da tare mafi yawan infared ya kuma rufe sensa daga ƙura. Kafin ka fara ka ɗauki hoton taurari da hoton farin bango ka ajiye, don ka samu abin gwadawa bayan ka gama.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ni ɗaliba ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina karanta fizis. Yayana ya ba ni aron Nikon ɗinshi da lensi 50mm, ba zan iya taɓa cikinta ba tunda ba tawa ba ce, kuma ba ni da kuɗin na'urar bin taurari. Ke nan ba ni da rabo a wannan harka sai na samu kuɗi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, kina da rabo babba ma kuwa, kuma tambayarki ta fi min sauran daɗi don a nan ne ainihin aikin yake.

Abu na farko kyauta ne, duhu. Mu nan ba mu buƙatar manhaja ta faɗa mana yaushe wata zai ɓace, kowa ya san kwanan wata, daga wajen 25 ga wata zuwa 4 ko 5 ga sabo shi ne lokacinki. Ta wajen mazaunin jami'a na dindindin sama ta fi ta cikin gari duhu nesa ba kusa ba, ki juya wa hasken gari baya, ki nisanci fitilun sola na titi don farin haskensu ya game kowane launi, babu filtar da ke cire shi tsaf. Amma ki ji ni da kyau, kada neman duhu ya kai ki bayan gari da dare, kin san halin da ake ciki na tsaro musamman ta gabashin jiha, babu hoton da ya kai wannan. Cikin makaranta, ku da yawa, da sanin masu gadi, ko tsakar gida daren da anka ɗauke wuta.

Na biyu lokaci cikin shekara. Mutane na ɗauka hunturu ne ya fi don babu hadari, amma hazo yana shanye hasken taurari ya kuma watsa na gari ko'ina, sama ta yi fari-fat. Bazara kuma zafi, watan Afrilu da rana ana wuce digiri 40 kuma dare ba ya sauka sosai, shi kuwa sensa duk ƙarin zafi na wajen digiri 6 yana ninka ƙazantar da yake zubawa cikin hoto, ɗigo-ɗigon nan ja da kore. Mafi kyawun sama a wurinmu ita ce ta daren da ya biyo bayan ruwa in gari ya washe, da kuma ɗan tsakanin nan na ƙarshen damina kafin hazo ya sauko, Oktoba zuwa farkon Nuwamba. A ƙarshen Oktoba Oriyon na fitowa gabas wajen ƙarfe 10 na dare, kafin kiran assalatu yana kusan tsakar ka, don mu a digiri 13 muke arewa da tsakiyar duniya, yana hawa har digiri 77. Mutanen Ingila ba su taɓa samun shi a haka. Har gajimaren Karina da ba a gani daga Turai mu muna samun shi can ƙasa-ƙasa ta kudu, wajen digiri 17, a watannin Maris da Afrilu in ƙura ta yi sauƙi.

Na uku tarawa. Ki ɗora kyamara a kan mai ƙafa uku, ki sa RAW, ISO 1600, ki buɗe lensin zuwa 2.8, ki kashe fokas na otomatik ki zuƙo tauraro mai haske a sikirin ki murɗa da hannu har ya zama mafi ƙanƙanta. Sama tana juyawa digiri 15 kowace awa, saboda haka da 50mm kada ki wuce daƙiƙa 4 zuwa 6, in kin wuce taurari za su ja layi. Hoto guda ba zai nuna miki komai ba, kada ki karaya. Ki ɗauki 200, 300, kina ɗan maido da Oriyon tsakiya lokaci-lokaci, in kin gama ki rufe bakin lensi ki ɗauki wasu 20 ko 30 da saiti ɗaya a wurin nan take kafin kyamara ta huce, su ne za a yi amfani da su a cire ƙazantar zafi. Sai ki zuba duka a Siril ko DeepSkyStacker, dukansu kyauta ne. Ke 'yar fizis ce kin san lissafin, hoto 16 yana ba ki tsabta ninki 4, hoto 100 ninki 10. A nan ne za ki ga jan ya fara leƙowa, don kashi ɗaya cikin huɗun nan da filta ke bari yana taruwa shi ma.

In kina son ki wuce nan, akwai na'urar bin taurari da kafinta zai haɗa miki. Katako biyu ne da hinjin ƙofa, wani mutumin Sikotland George Haig ya bayyana ta a 1975. Ana huda katakon ƙasa a nisan milimita 228 daga tsakiyar hinji a sa dogon noti M6 wanda kowane juyi ɗaya yake tafiya milimita 1, kyamara na zaune a katakon sama, ki saita tsawon hinjin ya kalli tauraron arewa, wanda a Sakkwato yake digiri 13 sama da ƙasa, sai ki riƙa juya notin sau ɗaya a minti kina bin sandar daƙiƙa ta agogo. Da wannan za ki iya buɗe kyamara minti ɗaya ko biyu. Wanda ke da wanga katako da kyamarar da ba a taɓa ba zai fi wanda ya cire filta ya tsaya a daƙiƙa 5, na tsaya a kan wannan magana.

TAMBAYA: Malam, ni dattijo ne daga Wurno, tun ina yaro nike fita duban wata tare da mahaifina. Ɗana ya karanto min bayaninku. Shin wagga kyamara da anka cire ma gilashi tana taimakawa ga ganin jinjirin wata?

AMSA: Baba Allah shi ƙara lafiya da nisan kwana. Gyaran da muke magana a kai na jan haidurojin ba ya ƙara komai ga jinjirin wata, don hasken wata na rana ne yake maidowa, kowace kyamara na ganin shi. Abin da ke ɓoye jinjiri shi ne hasken shafaƙi da ƙurar da ke ƙasa-ƙasa ta yamma da kuma kusancinshi da rana, masana sun daɗe da lura cewa in tazararshi da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba ido ba ya kama shi.

Inda tambayarku take da ƙamshin gaskiya shi ne infared. Sama tana watsa shuɗin haske sosai amma ba ta cika watsa infared ba, saboda haka kyamarar da anka cire wa filta duka, anka sa mata wadda infared kawai ke wucewa, tana ganin sama da duhu-duhu ko da rana, jinjiri ya fi fitowa. Da irin wannan dabara wani Bafaranshe, Thierry Legault, ya ɗauki hoton wata da rana a 2013 daidai lokacin haihuwarshi. Amma aiki ne na madubin hangen nesa da kariya mai yawa, kuma ina roƙon duk mai karatu kada ya kuskura ya juya madubi ko lensi wajen rana kafin ta faɗi, makanta ce nan take ba magani. Shi kuwa hukuncin ko abin da na'ura ta gani ido bai gani ba yana tsayar da wata, wannan na malamai ne da kwamitin duban wata na fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, su ke da magana. Ga mai fita irinku Baba, ƙaramin madubin hangen nesa na hannu mai ido biyu, da sanin daidai inda za a duba bayan rana ta faɗi, sun fi kyamara amfani, manhajar Stellarium da ɗanku zai sa a waya za ta nuna muku wurin.

TAMBAYA: Na sayi kyamara ta hannu an ce min an riga an gyara ta don taurari. Jan yana fitowa sosai amma taurarin sun kumbura, kowane da jan zobe, kuma fokas bai taɓa yin kaifi. An cuce ni ne? Daga Arkilla.

AMSA: Ba lallai ba ne an cuce ka ɗan'uwa, alamun da ka faɗa na kyamarar da anka cire wa filta duka biyun ne. Gilashin lensi ba ya haɗa kowane launi a wuri ɗaya, an ƙera shi ne ya daidaita waɗanda ido ke gani, infared kuwa can baya yake haɗuwa, saboda haka in ka saita tauraro infared ɗinshi na nan a baje kewaye da shi. Ka gwada da rimot, in ƙwan ya haska sikirin ɗinka kamar tocila to haka ne, da rana kuma za ka ga ganyen dogon yaro ya yi fari-fari ja-ja. Maganin shi ne filta mai tare infared da ultrabayolet amma ta bar 656 ya wuce, ana samun ta maƙalawa cikin bakin kyamara ko ta ɗaurawa gaban lensi, ka duba takardarta ka tabbata tana buɗe har wajen 680 zuwa 700, don in ka sayi ta gyaran launin rana ka koma gidan jiya. Ka lura kuma, ta maƙalawar ba ta shiga da lensin Canon masu alamar EF-S don gindinsu yana shigewa ciki, sai masu EF. In ka sa ta kumburin ya tafi amma gefe ɗaya na hoton ya ci gaba da dushewa, to sensa ne ya karkace tun wurin wanda ya kwance ta, sai an sake buɗewa an daidaita. Ka turo min hoto guda na RAW yadda yake ba gyara, wanda ka ɗauka lensi na kallon tsakar sama, daga kusurwoyin zan gane wanne ne daga ciki.